Ɗaki Biyu a Fili Mai Faɗi: Yadda Aka Auna Wani Tsohon Gida a Gadarif

Gidan yana cikin ɗaya daga tsofaffin unguwannin Gadarif, a gabashin Sudan, inda Hausawa suka daɗe da zama. Ɗakuna biyu ne na ƙasa masu rufin kwano, da rumfa a gabansu wadda mutanen nan ke kira rakuba, da bukkar ciyawa guda, da ɗakin girki da gefensa ɗaya ya zube, sai masai can a kusurwa. Saura duk tsakar gida ce fetal, da manyan bishiyoyin darbejiya biyu. Dillali ya ce faɗinsa ta bakin titi mita 20 ne, tsawonsa zuwa katangar baya mita 32, wato murabba'in mita 640, kuma a kan wannan adadi ya yanka farashi. Ɗakunan kuwa, in ji shi, kyauta ne, don duk wanda ya saya rushewa zai yi.

Mai son sayen ƙaramin ɗan kasuwa ne da ke hada-hadar riɗi da dawa a kasuwar amfanin gona ta garin. Yana da mata da 'ya'ya biyar, ga mahaifiyarsa a hannunsa. Tun da birnin Madani ya faɗa hannun dakarun RSF a yaƙin Sudan, a watan Disamban 2023, ƙanensa ya taho da iyalinsa suka cushe a gidan hayar da yake ciki. Burinsa ya samu wurin da zai ɗauke su duka, ya yi gini kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda kaka ta yi kyau, ya ware gefe guda ya zuba 'yan haya, matarsa kuma ta samu inda za ta yi kiwo da ɗan lambu. Kuɗin da ke hannunsa zai iya sayen gidan, amma ba zai rage masa na gini ba sai ƙalilan. Ni sana'ata gini ce, kuma akwai surukuta tsakaninmu, shi ya sa ya nemi in duba masa a watan Afrilun 2025, lokacin da zafi ya kai maƙura kuma ƙasa ta bushe ƙayau.

Igiya da takarda

Awon dillali gaskiya ne, mun ja igiya ta nuna hakan. Matsalar ita ce katanga ba ta shaidar mallaka. A Sudan abin da ke shaida shi ne takardar da ofishin rajistar filaye ke bayarwa, wadda kowa ya sani da shahadar bahas. A cikinta ake ganin sunan mai fili, lambar fili da lambar rukunin da yake ciki, girmansa, irin mallakar, da ko an jinginar da shi ko kotu ta sa masa hannu. Kwafin da masu gidan suka fara nunawa tsoho ne, ya yi ja don daɗewa. Da aka matsa aka ciro sabuwa, sai ga shi rubuce: murabba'in mita 400, mita 20 ta kowane gefe.

Ina sauran 240 suka fito? Wani dattijo da ke maƙwabtaka da gidan ne ya warware mana. Mai sayen ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, wannan katangar ta baya, tun asali nan take?" Dattijon ya yi dariya ya ce a'a, da can bayan gidajen nan fili ne da aka bari don ruwa ya riƙa bi. Marigayi mai gidan ya fara da shingen ƙaya don awakinsa, daga baya ya mayar da shi danga, daga baya kuma katanga. Maƙwabta na dama da hagu ma haka suka yi, shi kansa dattijon har da shi. Shekaru sun wuce ba wanda ya ce musu uffan.

Shirun hukuma bai mayar da wurin nasu ba. Rajistar filaye a ƙasar nan ta samo tushe daga dokar 1925. A 1970, zamanin shugaba Numeiri, aka yi dokar da ta ce duk filin da ba shi da rajista na gwamnati ne, kuma dokar mu'amaloli ta 1984 da ta maye gurbinta ba ta rushe wannan tushe ba, sai dai ta yarda mutum yana iya cin moriyar wurin da ya raya. Saboda haka fili iri uku ake ciniki a kai. Akwai mallaka ta har abada, wadda ba ta da yawa a nan. Akwai hikir, wato gwamnati ta ba ka na wasu shekaru kana sabuntawa, kuma yawancin filayen zama na birane haka suke. Sai hiyaza, riƙo ne kawai ba rajista, mutane sun san naka ne amma littafi bai sani ba. Wannan gida hikir ne a gaba, hiyaza a baya, an kewaye su da katanga ɗaya, an yanka musu farashi ɗaya.

Ban ce bayan ba shi da amfani ba. Ana iya ɗaure dabbobi, a yi shanya, a kafa bukka, a ci moriyarsa shekara da shekaru. Amma duk ranar da aka tashi gyaran tsarin unguwa ko yashe hanyar ruwa, nan za a fara sa jan fenti, kuma wanda ba shi da takarda bakinsa gajere ne wajen neman diyya. Biyan kuɗin mita mai rajista a kan irin wannan wuri cinikin biri a sama ne. Dillalin ya yi ta rantsuwa cewa ana iya shigar da shi rajista daga baya. Na ce masa in haka ne masu gida su shigar, sannan a dawo a yi magana. Bai sake tayar da zancen ba.

An kawo ma'aikacin safiyo ya nemo iyakoki bisa taswirar rukunin. Ta gaba da gefuna biyu babu saɓani. Sai dai ya nuna mana abin da ba mu lura ba: masai da rabin ɗakin girki duk suna cikin ɓangaren da ba a rubuta ba.

Baƙar ƙasa

Wanda bai san Gadarif ba zai ga tsakar gida shimfiɗe ya ɗauka ko'ina ana iya kafa harsashi. Ƙasar da ta sa yankin nan ya zama rumbun dawa da riɗin Sudan, tun da aka soma noman inji a shekarun 1940, ita ce kuma babbar abokiyar gabar magini. Baƙar laka ce mai shan ruwa ta kumbura, in ta bushe ta tsuke ta dare. A watan Afrilu akwai tsagar da hannun mutum ke shiga a tsakar gidan nan. Da damina tsagar za ta rufe, ƙasa ta ɗaga, ta ɗaga duk abin da ke kanta. Kuma ba daidai take ɗagawa ba, gefen da ya fi jiƙa ya fi tashi, shi ya sa bango ke tsagewa a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa. Ba talauci kaɗai ya sa bukkar ciyawa, guttiya, ta cika garin nan ba. Ba ta da nauyi, in ƙasa ta motsa sai ta bi ta, gyaranta kuma ba ya karya mutum.

Da wannan ido na duba ɗakunan biyu. Ginin jalus ne, laka ake ɗorawa sahu-sahu da hannu, a bari ta sha iska a ƙara wani, sannan a shafe bayan da zibala, haɗin kashin dabbobi da ƙasa da ke kare bango daga ruwan sama. Ɗakin gabas lafiyarsa lau. Bangonsa a miƙe yake, ƙofa na buɗewa ba gardama, tsagogin da ke jikinsa na yaɓe ne kawai. Na kankare wuri biyu na gani, ba su shiga ciki ba. Ɗakin yamma kuwa yana da tsaga daga saman taga zuwa kusurwar rufi, sama ta fi ƙasa faɗi, an toshe ta da siminti ta sake buɗewa. Dalilin na tsaye a gefensa: darbejiya ɗaya ba ta fi taku huɗu daga bangon ba. Saiwarta na tsotse danshin ƙasar wannan gefe da rani, ƙasa ta tsuke, kusurwar ɗaki ta sauka. Ga kuma gindin bangon ya zaizaye saboda kwanon rufin ba shi da baki mai tsawo, ruwa na sauka daidai tushe. Na soka ƙusa a itatuwan rufi, uku daga cikinsu gara ta cinye cikinsu, fata ce kawai ta rage.

Na shafa ɗan farin siminti a kan tsagar wuri uku, na rubuta kwanan wata a gefe. Tsagar da ta mutu ba ta sake motsi, ana toshe ta a manta. Mai rai kuwa za ta fasa shafen kafin damina ta fita.

A nan ne na saɓa wa dillali, na kuma saɓa wa mai sayen. Dillali ya ce ɗakunan ba komai ba ne, don yana so ido ya koma kan faɗin fili. Mai sayen ya yarda da shi, don a ransa ya riga ya ga gidan bulo mai ɗaki shida. Ni kuwa a ganina ɗakin gabas da rakuba da bukkar nan su ne abin da zai sa cinikin ya yiwu ga mai ƙaramin ƙarfi. Da su zai iya tarewa ya daina biyan haya, kuɗin hayar ya koma bulo. Kango babu rufi ba zai ba shi wannan ba. Sannan ɗakin da ya shekara arba'in ko fiye a kan wannan laka bai karkace ba ya gaya maka wani abu game da wurin da yake tsaye: nan ne tudun gidan, kuma tsofaffin da suka gina shi sun san abin da suke yi.

Sabon ginin da yake mafarki kuma ba zai zo da araha ba. Bulo da siminti ba su da haƙurin laka, ba sa lanƙwasa, karyewa suke yi. Ko dai a kwashe baƙar ƙasar a cike da wadda ba ta kumbura a daddanne, ko a haƙa ramuka masu zurfi a zuba ginshiƙai har inda danshi ba ya sauyawa tsakanin rani da damina, a ɗaure kawunansu da ɗamarar kankare da ba ta kwanta a kan ƙasa ba. Kowanne aka zaɓa, kuɗi mai yawa zai shige ƙasa kafin a ga bulo ɗaya a sama. Na ga gidaje da dama a garin nan da aka yi wa rowar harsashi, fenti na sheƙi, bango kuwa ana hango maƙwabta ta cikinsa.

Ruwa

Ruwa fuska biyu gare shi a Gadarif, na sha ya yi kaɗan, na sama ya yi yawa a lokaci guda. Garin ya yi suna da ƙishi tun da daɗewa. Rijiya ba ta cika yin albarka ba saboda dutsen da ke ƙarƙashi, kuma ko da bututun da aka jawo daga kogin Atbara, unguwanni da yawa da amalanken jaki da ake kira karo suka dogara, ana sayen ruwa ganga-ganga. Gidan yana da famfo, amma maƙwabta sun ce sai ya ga dama yake zuwa. Lambun da uwargida ke buri ke nan ya zama na damina kawai, sai in an gina tankin ƙasa a tara ruwan kwano, shi ma nesa da bango, don tankin da ke yoyo kusa da ɗaki a kan wannan laka ya fi darbejiya ɓarna.

Na sama kuwa, kowa a garin ya san yadda Khor Abu Farga, rafin da ya ratsa garin, ke cika ya tumbatsa, kuma ƙananan hanyoyin ruwa na unguwanni can suke nufa. Na bi bayan katanga na ga alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa, layin danshi da gishiri-gishiri kusan tsawon gwiwa. Titin gaba kuma an yi ta zuba masa ƙasa har ya fi tsakar gidan tudu. Wannan ba a iya yanke masa hukunci a watan Afrilu. Na ba da shawara kada a rufe ciniki sai an ga gidan cikin Agusta, da safe bayan an kwana ana ruwa.

Masu gida nawa ne?

Wanda ke ciniki da dillali babban ɗan marigayi ne, kuma yana magana kamar gidan nasa ne shi kaɗai. Takarda kuwa har yanzu sunan mahaifinsu take ɗauke da shi. Lauyan da mai sayen ya ɗauka ya nemi a kawo takardar kotun shari'a da ke lissafa magada. Marigayin ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata uku. Rabon ya faɗo daidai: matar tana da tumuni, kowane namiji kashi biyu cikin takwas, kowace mace kashi ɗaya. In aka buga a kan mita 400, kowane kashi mita 50 ne. Mai cinikin nan mita 100 kawai yake da ikon sayarwa.

Ɗan'uwansa yana aiki a Jidda, sai ya aiko da wakilci da aka tabbatar a ƙaramin ofishin jakadancin Sudan da ke can, saƙon murya ta WhatsApp ba ya wadatarwa. 'Yan'uwa mata biyu suna gari, sun yarda. Ta ukun ta rasu bayan mahaifinta, ta bar miji da yara ƙanana, don haka kasonta ya sake rabuwa, kuma rabon marayu ba ya sayuwa sai da izinin alƙali. Lauyan ya ƙara da gargaɗi: in aka sayi kason wasu aka bar wasu da niyyar a lallashe su daga baya, wanda bai sayar ba yana da haƙƙin shufa'a, zai iya biyan kuɗin ya karɓe abin da aka saya. Ko dai kowa ya sa hannu, ko a haƙura.

Sai tsohuwar, matar marigayin. Ita ce ke kwana a ɗakin gabas, kuma babu wanda ya tambaye ta. Da mai sayen ya je gaishe ta, ya ce, "Hajiya, an ce za ku koma wurin yara." Ta ce, "Ɗana, haka na ji ana faɗa." Wannan amsa ta tayar masa da hankali fiye da maganar mita 240. Mutum ne da ke zaune da tasa uwar, kuma unguwar kowa ya san kowa. Gidan da aka fitar da tsohuwa tana kuka ba ya daɗin zama, ko da takardunsa sun cika. Ya koma ya ce wa babban ɗan ba zai ci gaba ba sai ya ji daga bakinta, a gaban ƙaninta da limamin unguwa, inda za ta koma da kuma cewa kasonta hannunta zai shiga. Ɗan bai ji daɗi ba, amma ya amsa.

Lissafi

Hujja mafi ƙarfi da dillali ya riƙe ita ce haya. Gaskiya ne bayan ɓarkewar yaƙi a 15 ga Afrilun 2023, sannan faɗuwar Madani, sannan garin Sinja a tsakiyar 2024, mutane sun kwararo Gadarif har bukka ta zama abin nema, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi. Amma soja sun karɓe Madani a Janairun 2025, Khartum kuma a Maris, kuma tun lokacin motoci ke ɗaukar mutane suna komawa. Ƙanen mai sayen kansa ya fara maganar tafiya. Wanda ya sayi gida bisa hayar shekarar gudun hijira zai biya kuɗin abin da ba zai dawwama ba.

Ga yadda muka tsara tayin. Aka tambayi farashin da aka sayar da filaye biyu masu rajista a rukunin cikin 'yan watannin nan, wanda aka biya a zahiri ba wanda aka fara ambata ba, aka buga a kan mita 400. Ɓangaren baya aka sa masa ɗan abin hasafi, kwatankwacin kuɗin katanga da wahalar riƙo, kuma aka ce a rubuta shi daban a matsayin sallama, ba tare da an kira shi mallaka ba. Aka ƙara wani abu saboda ɗakin gabas da rakuba. Aka cire kuɗin sabon masai a cikin iyaka, da sauya itatuwan rufi, da cikon tsakar gida. Bashin harajin gida da na sabunta hikir, in akwai, a wuyan magada. Jimillar ta tsaya wajen kashi biyu cikin uku na abin da dillali ya nema. Da yake darajar fam, kuɗin Sudan, na zubewa kusan kowane wata, magada suka ƙi yarda a daskare farashi har bayan damina, kuma suna da gaskiya. Aka daidaita cewa za a sake duba adadin ranar sa hannu bisa ma'aunin da ɓangarorin biyu suka amince da shi a rubuce, a biya ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta banki, a ofishin lauya, kowane magaji a asusunsa. Kafin alƙalami kuwa a hannun lauya ya zauna, da sharaɗin a mayar in izinin kotu bai fito ba.

Damina ta zo ta ba da nata bayanin. A Agusta ruwa ya kwanta a ɓangaren baya kwana biyu, ya jiƙa gindin katanga, masai ya cika. Gaba kuwa, wajen ɗakuna, ya tsane cikin 'yan sa'o'i, sai dai ruwan titi na shigowa ta ƙofar gida, abin da dakali da 'yar kwata za su magance. Shafe biyu cikin uku da na yi a ɗakin yamma sun fashe. Hukuncina a kansa shi ne a mayar da shi ɗakin ajiya, a sare reshen darbejiyar da ke kansa, a datse saiwar ta wannan gefe, kada kowa ya kwana ciki har a ga yadda zai yi da rani mai zuwa.

Zuwa watan Oktoba wakilcin Jidda ya iso, Hajiya ta faɗa da bakinta cewa za ta koma wurin 'yarta ta biyu, ta kuma roƙi a bar ta a ɗakinta har bayan kaka, aka yarda. Izinin alƙali kan rabon marayun ne bai fito ba tukuna, don haka ba a sa hannu ba, kuma sai an sake ciro wata shahadar bahas ranar da za a yi. Mai sayen ya rage burinsa daga ɗaki shida zuwa biyu a kan ginshiƙai, a gefen arewa na mita 400 ɗin, bayan ya sayar da riɗin bana.